Shekarar da Na Ajiye Yuƙar Cibiya

An gaya muku idona ne ya raunana, shi ya sa na bar ungozomanci. Ni na bari aka faɗi haka, don ya fi sauƙi a bakin yara. To idona lafiya lau yake a lokacin. Yanzu da tsufa ya zauna mini sosai, ba na son in tafi in bar ku da labarin da ba shi ne ba. Ban yi boko ba, ba ni da alƙalami sai bakina, don haka a rubuta yadda na faɗa, kada wani ya gyara don ya rufa mini asiri.

Aikin nan gadonsa na yi. Kakata Iya Tumba ita ke karɓar haihuwa a ƙauyenmu da ke gefen 'Yankuzo, kuma da za ta rasu ta tsallake 'ya'yanta ta ba ni yuƙarta ta yankan cibiya, 'yar ƙarama mai ƙota ta ƙahon rago. Da ita aka yanke cibiyar babanku, da ta mai gari, da ta liman. Dokarta guda ce: ruwa ba ya taɓa ta. Iya Tumba ta ce in an wanke ta, albarkar hannayen da suka riƙe ta za ta bi ruwan ta tafi. In an gama aiki sai a kai ta bayan ɗaki, a soka ta cikin ƙasa sau uku, a goge a gefen zani, a naɗe a tsumma. Haka na yi shekara da shekaru. Bayan ɗakina ƙasa ce ja mai tsakuwa, rana na gasa ta wuni, da ƙyar bakin yuƙar ke shiga. Ana rasa jariri jefi-jefi kamar ko'ina, amma ban taɓa ganin abin da ya tayar mini da hankali ba.

Sai wata damina ruwa ya kayar da katangar da babanku ke ɗaure jakinsa a gindinta. Ya tumɓuke turken ya dawo da shi bayan ɗakina, ya ce na kwana biyu ne kafin a gyara. Ba a gyara ba. Cikin wata guda ƙasar wurin ta koma baƙa, mai laushi, mai danshi, da kashin jaki da fitsarinsa da ragowar harawa. Ina tuna har daɗi na ji, don yanzu yuƙar na nutsewa har ƙota ba tare da na danna ba, ta fito tana sheƙi.

Ɗan Saude matar maƙeri shi ne na farko. Haihuwa ce mai sauƙi, da hantsi, yaro ƙato mai kuka kamar zai tsaga ɗaki. Kwana shida yana shan nono. Ranar suna da safe sai ya ƙi kama mama. Ba don ba ya so ba, yana nema, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Na sa ɗan yatsa a muƙamuƙinsa na ji shi kamar icce. Fuskarsa ta ja, leɓɓansa suka miƙe kamar mai dariya, alhali ba dariya yake ba. In an rufe ƙyaure da ƙarfi ko an sauke taɓarya a turmi, sai duk jikinsa ya sandare ya lanƙwasa ta baya, dunduniya na neman ƙeya. Mun shafa masa man shanu, mun turara hayaƙi, malamai sun yi rubutu, ba ta hanyar da zai haɗiya. Kwana biyu aka rufe shi da sunan da bai ko ji an kira shi da shi ba. Bayan wata guda aka sake yin irinta a gidan liman, 'ya mace. Kafin a yanke gero aka yi ta uku.

A bakin gari akwai wata Bafulatana, Hajjo, wadda shanun mijinta suka ƙare da annoba, shi ma ya bi bayansu. Ta zauna a wata bukka ita da ɗiyarta, tana kitso. Babu mai hannunta a yankinmu, shi ya sa duk mai jego ita take aika wa ana gobe suna. Hajjo kuwa mace ce mai son yara. In ta shigo, kafin ta zauna sai ta ɗauki jariri, ta sunsuna kansa, ta yi masa 'yar waƙa da Fulatanci, sannan ta fara tsefe kan uwar.

Kun san halina. Ba na shiga gida in fita ban ƙirga abin da ke ciki ba, wa ya zauna ina, wa ya taɓa me. Da wannan halin nake alfahari. Ranar zaman makoki na uku muna tsakar gida mata sun cika, ana ta faɗin Allah ya sa mai ceto ne, ni kuwa ina jera kwanaki a zuciyata. Sai na ga sun jeru. Ban ɗaga murya ba, na dai ce:

"Wai ku ba ku lura ba? Ɗiyan ga ukku, hannun wa sunka shiga kahin su ƙi nono?"

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce mayya ba. Ban kira suna ba. Amma kafin la'asar an kira mini shi a ƙofar kowane gida. Mata suka daina kai kansu wurin Hajjo. In ta zo rijiya sai a janye guga a jira ta gama. Mai ciki in ta hango ta sai ta juya ta bi ta bayan rumbuna. Aka hana ta shiga gidan jego. Ita kuwa ta rage fitowa, har ganinta ya koma sai daga nesa tana tsintar itace.

Bayan an gama kaka aka aiko daga ƙaramar hukuma cewa ana son ungozomomin ƙauyuka su je Gusau a koya musu aiki. Na ce wa babanku ina mamakin wadda za ta koya mini yankan cibiya, ni da na karɓi rabin garin nan da hannuna. Ya ce in je dai, ko ba kome na ga birni. Mun kai mu ashirin a wani ɗaki mai farin fenti, daga Magami, daga Wonaka, daga wajen Tsafe, duk tsofaffi, kowa na hararar 'yar'uwarta. Mai koyarwar wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Bungudu, ba ta kai ɗiyata ta fari ba. Malama muke ce mata, ita kuma tana ce wa kowannenmu Inna. Da ta fara maganar ƙwayoyin cuta, wai wasu halittu ne da ido ba ya gani, wata tsohuwa daga Wonaka ta ce ai mu ma mun san su, iskoki muke ce musu, sai dai namu ba su buƙatar sabulu. Aka yi dariya, har da ni.

Malama ba ta yi gardama ba. Ta sa aka ɗebo ruwan kududdufi a bayan ginin, ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan wani ɗan gilashi, ta sa ƙarƙashin madubin likita, ta ce mu zo ɗaya bayan ɗaya.

Da na kafa idona, da farko haske kawai na gani, zagayayye kamar farin wata a cikin ƙwarya. Sai hasken ya lafa, na ga ashe gari ne. Wasu na tafe a hankali kamar shanu sun doshi mashaya, wasu na juyi wuri ɗaya, wani dogo ya ratsa ta tsakiya ya wuce bai kula kowa ba. Babu ƙara, babu ƙura. Suna ta harkarsu, ba su san da ni ba, ba su san da Gusau ba. Na ji kamar na leƙa rijiya na tarar da kasuwa tana ci a ƙasanta. Na ɗago na dubi gilashin, ɗigon ruwa ne dai, bai kai ƙwayar dawa ba. Na sake mayar da ido. Sai da ta bayana ta taɓa ni ta ce ko can zan tare.

Daga nan Malama ta canza gilashi, ta sa wani da aka rina, wanda ta ce na cikinsa matattu ne. Su sirara ne, kowanne da ɗan kai a gefe guda, sak tsinken ashana. Ta ce waɗannan su ke kawo ciwon sarƙe-haƙora. Ɗan kan nan iri ne, yana kwana a cikin ƙasa shekaru, musamman inda dabba ke kashi, jaki ko doki ko tumaki. Rana ba ta kashe shi, gogewa ba ta cire shi. Barci yake kamar irin ciyawa da ke jiran ruwan farko. In ya samu rauni mai zurfi inda iska ba ta shiga, kamar kututturen cibiyar jariri, sai ya farka ya hayayyafa. Shi kansa ba ya zuwa ko'ina, nan yake zaune. Dafinsa ne ke tafiya, yana bin jijiya a hankali har ya kai laka. Ta ce jikin mutum umarni biyu yake ji, kama da saki. Dafin nan saki yake kashewa, sai a bar jiki da kama kaɗai. Daga muƙamuƙi yake farawa.

Ɗakin ya yi mini nisa. Ina jin muryoyin matan kamar daga ƙetaren gulbi. Na ji bakina yana tambaya, ni ban shirya ba:

"Malama, daga shigarsu zuwa kamun yaro, kwana nawa na?"

"Yakan bambanta, Inna. Wani kwana huɗu, wani goma. Amma yawanci mako guda ne, shi ya sa za ki ga ya faɗo daidai suna."

Ban sake tambaya ba. Ta raba mana sababbin reza a cikin takardarsu, da zare, da sabulu, ta ce reza ɗaya jariri ɗaya, zare a dafa shi, kada a shafa wa cibiya toka ko ƙasa, masu ciki kuma a tura su allurar rigakafi. Na karɓa na ƙulle a bakin gyale.

A motar dawowa na zauna gefen taga. Mun wuce dutsen Kwatarkwashi yana tsaye cikin hasken yamma, gonaki an kwashe, sai kara da tumaki. Ni kuwa ba su nake gani ba. Ƙarƙashinsu nake gani, ƙasa duka cike da masu barci, kwance jere-jere da 'yan kawunansu, ba su ƙin kowa, ba su son kowa, suna jiran wanda zai ɗauke su ya kai su inda za su farka. Na ga hannu yana soka yuƙa sau uku yana zarowa, yana naɗewa a tsumma da ladabi. Na ga hannun ya ɗauke su ya ratsa gari da su, ya yi sallama, an amsa masa da murna, an shimfiɗa masa tabarma. Na dubi hannun a kan cinyata. Kwana shida suke yi suna hawa jijiya, sannan Hajjo ta shigo ta ɗauki yaro ta yi masa waƙa.

Da na isa gida ban cire gyale ba na zagaya bayan ɗaki. Jakin na tsaye yana tauna, yana kora ƙuda da wutsiya. Ramukan yuƙar na nan a gefen turke, ƙanana, uku-uku.

Ga abin da ya fi mini nauyin faɗa. Ban yi magana ba. Na tura yuƙar ƙasan adaka, na koma aiki da reza, ina juya baya in zan yanke don kada a ga abin da ke hannuna. Na ce wa kaina gyara ya fi surutu. Aka haifi ɗaya ya rayu, aka haifi na biyu ya rayu, na uku ma haka. Kowane suna aka yanka rago aka ci lafiya. Sai mutane suka ce to ga shi, tun da aka hana Hajjo shiga gidan jego ba a sake rasa yaro ba. Duk jaririn da na tsirar, sai ya zama shaida a kanta. Wata huɗu ina kallon haka.

Wata rana da safe babanku na gyaran ƙotar gatari a gindin rumbu na zauna na gaya masa duka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce yanzu jakinsa zan ɗora wa laifi, shi da ko suna ba ya zuwa. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ajiye gatarin.

"To kin bar yuƙar, ɗiya suna rayuwa. Mi yar rage?"

"Hajjo tar rage, Malam."

Ya ce Hajjo ba ƙanwata ba ce, ba ɗiyata ba ce. Ya ce in tuna ina da 'yan mata biyu a ɗaki, in tuna maƙeri da liman da su yake sahu ɗaya a masallaci. Ya ce mai kashewa da rayawa Allah ne. Na ce na sani, amma Allah bai ce in nuna wata ba. Bai hana ni ba, bai kuma ba ni izini ba. Ya ɗauki gatarinsa ya ci gaba da sassaƙa.

Sati biyu bayan haka aka yi suna a gidan mai gari, jikansa ne, ni na karɓe shi. Da la'asar mata sun cika tsakar gida, ana rabon waina, uwargidan mai gari ta kama hannuna ta ɗaga tana yabon idona, wai ba don Hure ba da yanzu ba a san inda ɓarnar take ba. Sannan ta ce dattawa sun gama magana, kafin ruwa ya sauka za a ce wa Bafulatanar nan ta nemi wani wuri. Aka ce madalla.

Na zare hannuna, na tafi gida, na buɗe adaka. Na zagaya bayan ɗaki na cika tafina da baƙar ƙasar nan. Na dawo na zube ta a kan tabarma gaban mata, na ɗora yuƙar a kai. Na faɗi abin da na gani a Gusau, da yadda turke ya dawo bayan ɗakina, da kwana bakwai. Na buɗe bakin zanina na nuna musu reza, na ce da ita na yanke wa yaran da suka rayu, har da wanda ake wa suna yau. Na ce Hajjo ba ta yi kome ba sai waƙa.

Wata ta ce a hankali wataƙila Hajjo ta kama kurwata ne ni ma, shi ya sa nake wannan magana. Wasu suka gyaɗa kai, don hakan ya fi musu sauƙin ɗauka. Saude matar maƙeri ce ta tashi. Ta zo ta durƙusa ta daɗe tana kallon yuƙar, ba ta taɓa ba. Sannan ta ɗago.

"Inna Hure, ke kinka yanke, ke kuma kinka nuna wata?"

"Ni ta."

Ta gyara goyon da babu a bayanta, kamar yadda ta saba yi tun rasuwar ɗan, ta fita. Har ta koma ga Allah ba ta sake amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Maganar ta kai zaure. Liman, wanda 'yarsa na cikin ukun, shi ya ce wanda ya ba da shaida a kan kansa a saurare shi. Aka bar zancen korar Hajjo. Ni kuwa daga ranar ba a sake aiko mini ba. Masu naƙuda suka koma Tsafe, ko a kira wata daga ƙauyen gaba, wadda na aika wa sauran rezata. Babanku ya yi wata guda yana cin tuwona ba ya ce mini kome. Auren yayarku da aka kusa sawa ya lalace, sai bayan shekara biyu ta samu wani, kuma ta san dalili, ko da ba ta taɓa faɗa mini ba. Yuƙar na jefa ta a tsohuwar rijiyar da aka daina sha.

Amma janye kora daban, komawar mata daban. Sati ya zagayo babu wadda ta kai kanta wurin Hajjo. Ranar Juma'a da hantsi, lokacin da hanyar rijiya ke cike, na tsefe kaina, na ɗauki man shanu a ɗan kwano, na bi ta tsakiyar gari kaina a buɗe rabi don kowa ya ga inda za ni.

Na same ta zaune a inuwar bukka. Ta rame. A ciki ina jin motsin ɗiyarta, wadda ta yi aure ta zo wankan gida, da kukan jariri. Na yi sallama, na ce kitso na zo. Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta miƙe ƙafafunta. Na zauna a ƙasa na kwantar da kaina a cinyarta. Ta tsaga da tsinke ta fara, tana ja da ƙarfi har idona na kawo ruwa, ban ce ta sassauta ba. Mata na wucewa da tuluna suna rage tafiya. Na ce mata ta yafe mini. Ta gama layi ɗaya, ta kama na biyu, ta kai rabinsa, sai hannunta ya tsaya.

"Hure, ki hwaɗa min tsakaninki da Allah. Ba ni ba ta?"

Na ce ba ita ba ce. Na ce na gan su da idona.

Sannan ta ce ita ma ta ƙirga yadda na ƙirga, ta ga ya jeru. Ta ce ta ji ana faɗin mutum kan zama haka bai sani ba. Jikanta da ke ɗakin nan watansa uku, ba ta taɓa ɗaukarsa ba, ko inuwarta ba ta bari ta faɗa kansa.

Ta saki gashina. Ta goge man da ke hannunta a zani, ciki da baya, yatsa bayan yatsa. Ta juya wajen ƙofar bukka ta kira ɗiyarta.

"Kawo shi nan."